Abin da Hudu Ya Rufe Cikin Shasi

Ranar da Hudu makanike ya gama ɗinke shasin motarsa, wato ƙarafan da ke ɗauke da ita, Talata ce, rana ta jingina da katangar yamma, inuwar bishiyar bedin tsakar gida ta miƙe har bakin madafa. Ya kashe wutar walda, ya cire baƙin gilashi daga idonsa, ya zauna bisa wata tsohuwar taya yana kallon aikin hannunsa. Matarsa Hamsatu tana tuƙa tuwon jar dawar nan ta taimako, wadda ake rabo tun da fari ya ƙone gonakin Dungas shekara biyu a jere. Ƴarsu Furera, yarinya mai shekara goma sha uku, tana tsugune gefenta tana kaɗa miya. Can cikin unguwa ladan ya fara gyaran murya.

Sai dutse ya faɗo tsakar gida.

Ba babba ba ne, bai wuce ƙwan zabuwa ba. Ya sauka tsakanin Hudu da motar, bai yi tsalle ba, ya nutse cikin yashi kamar an dasa shi.

Hamsatu ta ce, "Yaran maƙwabta ne."

Hudu ya kai hannu zai ɗauka, ya sake shi da sauri. Dutsen da zafi kamar yanzu aka zaro shi daga murhu. Ya tsaya yana dubansa. Ƙasar Dungas yashi ce, mutum zai yi tafiyar yini bai ga dutse irin wannan ba. Ya tura wa dutsen ƙasa da ƙafa ya tafi alwala.

Hudu ya yi shekara goma sha huɗu a wani garaji a Damagaram kafin ya dawo gida da akwatin kayan aiki da kwalaben iskar walda biyu da ubangidansa ya sallame shi da su. Ya dawo ya tarar gero bai yi ba, gyaɗa ta mutu, shanu suna faɗuwa a bakin rijiyoyi. Abin da ya rage a gidan ubansu shi ne bijimai biyu na wansa Jibo. Hatsin taimako kuwa yana jibge a Magarya, babu motocin da za su kai shi ƙauyuka, duk mai mota ko yaya take yana samun abin ciyar da iyali. Nan ne Hudu ya tuna da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ta masu sayen gyaɗa tun zamanin Nasara, wadda ta fi shekara ashirin tana kwance cikin wani kwari bayan Dogo-Dogo. Babu mai ita. Makiyaya ba sa zama inuwarta, da aka tambaye su dalili sai suka ce haka suka tarar. Shi da Jibo suka ɗaura mata tayoyin aro, bijiman nan suka jawo ta har gida. Bayan mako ɗaya Jibo ya kai bijiman kasuwa, aka sayi inji da abin da suka kawo.

Ƙafar gaban motar, wato ƙarafan da ke riƙe da tayoyin gaba, ta riga ta mutu, tsatsa ta cinye ta. Suka je Magarya wurin wani mai tara matattun motoci, ya nuna musu guda biyu. Ɗaya ta ƙaramar motar wani ma'aikaci ce da ta yi karo, mai murɗaɗɗen ƙarfe kamar maciji ya naɗe, kowace taya tana motsinta daban. Ɗayar ta ƙaramin kamiyo ce, motar ɗaukar kaya, sandar ƙarfe guda daga taya zuwa taya, bisa lam, wato faffaɗan ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake jerawa wani kan wani su ɗauki nauyi.

Jibo ya danna ta farkon da hannu, ta yi ƙasa ta dawo a hankali. Ya ce, "Wannan ai kamar katifa. Kuma ta fi sabunta."

Hudu ya ce, "Yaya, wannan ta masu zuwa buro ce, ma'aikatan ofis. Ɗora mata buhu goma ka shiga yashin Kwaya, kafin wata ta durƙushe. In ta karye sai an je Damagaram. Lam kuwa, in ɗaya ya tsage, maƙerin kowane ƙauye zai taimake ni mu gyara."

"Ba ta yi wa motar nauyi ba?"

"Ta yi. Shi ya sa zan ƙara wa shasin ƙarfi."

Shasin dogayen ƙarafa biyu ne da motar duk take zaune a kansu, kowane kamar kwami, gefe ɗaya a buɗe. Dabarar da Hudu ya koya a Damagaram ita ce a yanko faranti mai kauri a toshe buɗaɗɗen gefen, a ɗinke shi da wuta daga farko har ƙarshe, kwamin ya koma akwati rufaffe wanda ba ya murɗewa. Kwana tara ya yi yana wannan aiki. Ranar Talatar nan saura faranti guda, na hagu, daf da inda ƙafar gaba za ta kama. Da ya leƙa ciki sai ya ga busasshiyar ciyawa mai laushi a cushe, an saƙa ta kamar sheƙar tsuntsu, amma babu gashi ko ɗaya. Ya zaro abin da hannunsa ya kai. Sauran ya yi nisa ciki, ya ƙi fitowa.

Hamsatu ta ce masa, "Maigida, magariba ta kawo kai. Ka bar wutar nan sai da safe."

Ya ce, "Iskar ta kusa ƙarewa, in na kashe na sake kunnawa asara ce." Ya ɗora farantin ya ɗinke.

Wannan shi ne abin da ya faru kafin dutsen farko.

Da ya dawo daga masallaci a wannan maraice, ya ji ƙarfen yana ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, sai ya tsaya, sai ya sake. Ya ce a ransa ƙarfe ne yake hucewa, ya sha jin haka a garaji. Suka ci tuwo, suka shiga ɗaki.

Washegari da rana ta faɗi duwatsu uku suka sauko, ɗaya ya fasa randa. Rana ta uku suka fi goma. Ba daga bayan katanga suke zuwa ba, daga sama suke saukowa a miƙe, kuma ba su taɓa mutum, sai dai su faɗi daf da ƙafarsa. Maƙwabta suka fito da sanduna suka kewaye gidan, ba su ga kowa ba. A nan ne suka fara jin muryar. Murya ce ta mace, daga nesa, tana kiran wani suna da kunne ba ya kamawa, tana jan ƙarshensa kamar yadda uwa take kiran ɗanta ya dawo gida cin abinci. In ka tsaya gabas sai ka ji ta yamma. Da an kira isha'i sai kome ya ɗauke, gari ya yi tsit, ko kare ba ya haushi. Daga ranar maƙwabta suka daina shigowa, masu aron turmi ma suka koma wani gida.

Ƙarfen bai daina ƙara ba. Rana ta uku, da Hamsatu ta shiga ɗaki, Hudu ya durƙusa ya manna kunnensa da farantin hagu. Ƙarfen sanyi ƙalau. Daga ciki ake bugawa, da wani abu ƙarami mai laushi, kuma da ya ɗora kunne sai bugun ya ƙara sauri. Ya janye kunnensa. Ya dubi kurfin saran ƙarfe da guduma da ke cikin akwati. Ya dubi kwalaben iska, waɗanda abin da ya rage cikinsu bai fi na ɗaura ƙafar gaba ba. In ya fasa ɗinkin nan, ba shi da abin sake rufe shi, bijiman Jibo sun tafi a banza ke nan. Ya ce a ransa ƙila ɓera ne, ko ƙadangare. Ya tashi ya kaɗe gwiwoyinsa.

Ya ci gaba da aiki. Ya ɗaura lam, ya ɗora sandar gaba, ya ɗaure kusoshi, motar ta tsaya bisa ƙafafunta a karo na farko cikin shekara ashirin. Jibo ya zo ya hau hancinta ya yi tsalle, ko gezau ba ta yi ba, ya yi dariya har da tafi. Hudu bai yi dariya ba. Kowane maraice bugun yana raguwa. Rana ta biyar sai ya kasa kunne sosai kafin ya ji. Rana ta shida sau biyu kawai aka buga.

Rana ta bakwai babu bugu, babu dutse, babu murya. Rana ta faɗi cikin shiru mai nauyi, hayaƙin madafa ya miƙe sama bai karkata ba. Hamsatu ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya raba mu da su." Ta aiki Furera ta ɗauko ludayi a ɗaki.

Yarinyar ba ta kai ɗaki ba. Ta tsaya gefen motar, ta ɗora tafin hannunta bisa farantin hagu, ta daɗe haka. Uwarta ta kira ta sau biyu. Sannan ta buɗe baki, muryar da suka yi kwana huɗu suna ji daga nesa ta fito daga ƙirjinta, ta cika gidan.

Furera ita ce ta huɗu cikin ƴaƴa biyar da Hamsatu ta haifa, ita kaɗai ta rayu. Suka kai ta disfansar, ƙaramin asibitin gari, aka ba ta ƙwayoyin zazzaɓi. Da rana tana kwance idanu a buɗe, ba ta ci, ba ta gane kowa. Da rana ta karkata sai ta miƙe da ƙarfin maza uku, ta rarrafa ƙarƙashin motar, ta kama kankare ɗinkin waldar da farce har yatsunta suka yi jini. Suka ɗaure ta da zane a jikin gado. Hamsatu ta daina tuwo, ta zauna bakin ƙofa tana riƙe da ƙafar ƴarta. Hudu ya san abin da farcen nan yake nema. Kwana huɗu yana kallo, bai iya buɗe baki ya faɗa ba.

Jibo ne ya tafi Yekuwa da amalanken jaki ya ɗauko Malam Hammadu, wani tsoho siriri mai ido ɗaya, wanda aka sani da sha'anin mutanen ɓoye. Sun iso bayan la'asar. Malam bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Ya zagaya motar sau ɗaya a hankali, ya tsaya wajen farantin hagu, ya dubi Hudu da idonsa mai gani. Ya sa aka shimfiɗa tabarma tsakar gida, aka fito da yarinyar, aka kwance ta. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa.

Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye gidan, kaji suka hau kwana. Jikin Furera ya fara rawa daga yatsun ƙafa, ta tashi zaune kamar an jawo ta da igiya, ta naɗe ƙafafu irin zaman tsofaffin mata.

Muryar ta ce, "Ya isa, Hammadu. Kana ƙona ni a banza."

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Sunana ba naka ba ne. Yarinya ba ta yi mini kome ba. Tambayi ubanta."

"Ke nake tambaya."

"Shekara goma sha tara ina zaune cikin ƙarfen nan, ban taɓa akuyar kowa ba. Suka zo suka jawo mini gida ba sallama, na yi shiru na biyo su, na ce in sun gama na ga inda zan koma. Ranar Talata na fita neman abinci, na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar an rufe shi da wuta. Mu ba ma ratsa ƙarfen da wuta ta ɗinke."

Malam ya ce, "Ɗan Adam ba ya ganinku. Bai sani ba."

Kan yarinyar ya juya a hankali har idanunta suka sauka kan Hudu.

"Ranar farko bai sani ba. Rana ta uku ya sa kunnensa. Ɗana ya ji ɗuminsa ta cikin ƙarfe, ya ɗauka an zo buɗe masa. Na yi jifa, na yi kira, ban fasa kan kowa ba don ina sa rai. Kwana shida yana ji. Ce masa ya musa."

Hamsatu ta juyo ta dubi mijinta. Jibo ma ya dube shi. Hudu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ta faɗa."

Wani ɗan sauti ya fita daga bakin Hamsatu, ta rufe fuska da gyale.

Malam ya juya wajen Hudu. Sannan ya ce, "Ɗauko kurfi da guduma. Kada ka kunna wuta."

Hudu ya kwanta ƙarƙashin motar ya fara saran ɗinkin da ya yi da hannunsa. Ɗinki ne mai kyau, bai taɓa yin wanda ya fi shi ba, ya ƙi saki. Kowane bugu sai yarinyar ta yi nishi. Sai da duhu ya fara rufe fuskoki farantin ya ɓalle. Malam ya hana shi sa hannu, ya zura nasa da farin ƙyalle, ya zaro wani abu. Hudu bai ga duka ba. Ya dai ga bai fi tsawon tafin hannu ba, ya bushe, kuma gefen ƙyallen ya ga wani ɗan hannu mai yatsu biyar a dunƙule.

Malam ya ɗora ƙyallen a cinyar Furera. Hannuwanta masu jini suka rungume shi, ta fara jijjiga shi a hankali. Babu wanda ya yi motsi a gidan har ta gaji don kanta.

Muryar ta ce, "Ɗa ɗaya gare ni. Ƴa ɗaya gare shi. Zan tafi da ita."

Malam ya ce, "Ba za ki tafi da ita ba. Ke da bakinki kika ce ba ta yi miki kome ba. Wanda ya halicce ki ya halicce ta, kuma za ki tsaya gabansa."

"To a ba ni hannun da ya riƙe wutar."

Hudu ya matso da gwiwa ya miƙa hannunsa na dama. "Ga shi. Yaya, ɗauko gatari."

Malam ya buge hannun gefe. "Ba a zubar da jini a zamana. Faɗi wani abin."

Aka daɗe ana ja. Ta ce gidan, Malam ya ce gidan gado ne da kaburburan kakanni a bayansa. Ta ce idanunsa, Malam ya koma karatu har ta yi ƙara ta ce ya tsaya. Daga ƙarshe muryar ta yi sanyi, ta zama ta mace wadda ta gaji.

"A mai da ƙarfen inda aka ɗauko shi, da duk abin da aka ɗaura masa, nan zan binne ɗana. Shi kuma, daga yau har ya mutu, kada ya sake kai wuta ko guduma jikin ƙarfe. Ranar da ya yi, ko a bayan Makka yake, zan ji, in dawo in ƙarasa."

Malam ya dubi Hudu. Hudu ya ce, "Na ɗauka."

"Rantse."

Ya rantse da Wanda ransa ke hannunsa.

Ta ce, "Abin da na riga na ci a jikinta ba ya dawowa. Ban yi da gangan ba, baƙin ciki ne." Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta faɗi gefe. Da aka ɗaga ƙyallen daga cinyarta, babu kome ciki.

Washegari aka ɗaura wa motar raƙuman aro biyu, aka ja ta zuwa kwarin Dogo-Dogo da injinta da sabuwar ƙafarta, ba a taɓa tayar da ita ko sau ɗaya ba. Jibo ya raka su har can, bai yi wa ƙanensa magana ba a tafiya ko a dawowa. Da suka iso ƙofar gida ya ce, "Ba bijiman nake ji ba, Hudu." Ya wuce ɗakinsa.

Furera ta farfaɗo, ta gane uwarta, ta sha kunu. Amma ƙafarta ta hagu ta shanye daga gwiwa, sai ta ja ta, kuma maganarta ta ragu, takan yini ba ta ce uffan ba. Wata rana da hantsi Hudu yana gyara mata sandar dogarawa da wuƙa, ta ce, "Baba, na ji shi fa. Lokacin da take jikina, duk abin da ta ji na ji." Ya jira ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba, ta karɓi sandar ta ce ta gode.

Ya sayar da kayan aikinsa, suka ci kuɗin cikin wata biyu. Damina ta zo, aka yi ruwa, amma babu iri a gidan, babu dabba. Da kaka ta wuce ba su girbe abin kirki ba, suka bi sahun masu tafiya kudu cin rani. Jibo ya zauna tsaron gida. Hudu da Hamsatu da Furera suka hau bayan wani kamiyo da mutum kusan arba'in, aka nufi iyakar ƙasa.

Ba su yi rabin hanya ba, cikin wani yashi mai zurfi, aka ji ƙara daga gaba, motar ta karkata ta tsaya. Kowa ya sauka. Direba ya leƙa ƙasa ya ɗora hannu a ka. Daga inda Hudu yake tsaye yana ganin abin: babban lam na dama ne ya karye daf da idonsa, inda yake kama shasi. Ya san gyaran. A hura gawayi, a gasa lam na biyu da ke ƙarƙashinsa, a lanƙwasa bakinsa da guduma ya kama, kafin la'asar an tashi. Yatsunsa suka fara motsi da kansu.

Direba ya juyo ya ɗaga murya. "Jama'a, don Allah akwai wanda ya san ƙarfe a cikinku? Akwai mata da goyo, ruwanmu ba zai kai gobe ba."

Mutane suka dubi juna. Hamsatu ta sunkuyar da kai. Furera tana zaune bisa ƙunshin kaya, ta miƙe ƙafarta cikin rana, tana kallon ubanta.

Hudu ya tura hannuwansa biyu cikin aljihun riga. Direba ya sake tambaya, ya sake, sannan ya zauna a inuwar motar ya yi tagumi.

Da rana ta ɗan yi sanyi, masu ƙarfi suka fara ɗaukar kayansu suna kama hanya a ƙasa. Hudu ya ɗora wa Hamsatu ƙunshin a ka, ya durƙusa gaban ƴarsa ya juya mata baya. Ta ɗan jima kafin ta sa hannuwanta a wuyansa. Ya miƙe da ita, ba ta da nauyi ko kaɗan, suka bi sawun mutane cikin yashi.